Hannun Haya

Sunana Jabez Wragg, ɗan masaƙin safa
daga wani ƙauye a arewacin Nottingham.
A takardar wasa ba a rubuta Jabez.
Wragg kawai, yadda ake kiran doki.

Ina ɗan shekara tara na koyi jifa
a lungun bayan gida, da dunƙulen zare,
turaku uku na zana da alli a bango.
Baba ya ce kurket wasan ƙosassu ne.
Bai san ƙosasshe ba ya son gumi ba,
sai ya nemi wanda zai yi masa.

Haka na zama hannun haya.
Bazara ashirin da uku ina bin layin dogo,
yau Derby, gobe wani gari mai hayaƙin masaƙa.
Fam biyar in mun ci, huɗu in an ci mu,
kuɗin jirgi da na masauki duk a ciki.
Na kwana a bencin tasha a Crewe,
jakata ce matashi,
gari ya waye na yi ta jifa har rana ta faɗi
ga mutanen da ba su tambayi ko na karya ba.

Kowane fili ƙofa biyu gare shi.
Ta gaba mai fenti, ta 'ya'yan manya,
ta gefe kusa da rumbun kwal, tamu.
Mu haɗu a tsakiyar ciyawa, fararen kaya iri ɗaya,
in cire masa hula, ya ce, "Wragg, ƙwallo."

Amma akwai wata Talata.
Jifa uku a jere, mutum uku suka koma,
na ukun ɗan mai filin ne, turkensa har ya yi tsalle.
Aka zagaya da hula cikin 'yan kallo:
sule goma sha bakwai, sisi, da maɓallin wani.
Na saya wa Keziah mayafin ulu.
Maɓallin yana nan.

In ƙanƙara ta sauko, babu mai sanin Wragg.
In koma kan injin safa, yatsu sun kangare,
in kai sandar wasa jingina,
in fanso ta a Afrilu, in Allah ya yarda.

Da gudu ya ragu, sai makarantar masu hali.
Yaro ya ɗora sisi a kan turke,
ya ce, "Tsoho, in ka kayar, naka ne."
Ina iya kayar da shi ido a rufe.
Sai in bari ya buga uku tukuna,
don yaron da ya yi kuka ba ya sa a sake ɗaukar ka.

Suka sa mini ranar gudummawa,
kuɗin ƙofa duk nawa, ladan wahala.
Kwana uku sama na zuba kamar da bakin ƙwarya.
Keziah ta yi lissafi a bayan ambulan:
ana bin mu sule tara, na buga sanarwa.
Ba ta ce komai ba. Ta ɗora ruwan shayi.

Kafaɗa ta tafi, aka ba ni farar riga,
na zama alƙali, tsakuwa huɗu a aljihu,
ina riƙe wa samari huluna.
Ido ma ya bi kafaɗa.

Yanzu ni ke jan dokin da ke daddale fili.
An ɗinka masa takalman fata kada ya ɓata ciyawa.
Nawa tun bara suke shan ruwa.

Da yamma, in kowa ya watse,
nakan ciro tsohuwar ƙwallo daga aljihu.
Hannun ba ya wuce kunne.
Amma in ta taɓa ƙasa, har yau tana karkata hagu,
dokin ya ɗaga kai ya duba,
ya koma cin ciyawarsa.